Gitar miliyon talatin: kiɗa ake saye ko suna?

Duk wanda ke cikin gurup ɗin WhatsApp na ƴan orkes a nan Yamai ya san yadda hirar take, wani ya turo hoton gita mai lantarki da kuɗinta a ƙasa, sai ka ga kowa yana salati. Kuma ba ƙarya ba ne kuɗin ya hau. Les Paul Standard ta kamfanin Gibson da ake sayarwa dala 2,499 a 2019 (dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa biyar ba) cikin ƴan shekaru ta doshi 3,000. Stratocaster ta kamfanin Fender ƙirar Meziko da anka daɗe ana saye wajen dala 500 ta zo ta wuce 800. Wannan ma ƙananan magana ne, don akwai wata da Gibson ta fitar guda 50 kacal, kwafin wata tsohuwar gita da ake ce ma Greeny, kowace ɗaya kusan dala dubu 50. In ka ƙiyasta dala a sefa 600, miliyon talatin ke nan, a katako da tsirkiya shida. A ƙasar da mafi ƙanƙantar albashi jika 42 ne a wata tun 2024, dole mutum ya tambaya mi ke ciki.

To amma akwai abin da ke ba mutane mamaki in anka yi musu lissafi. Lokacin da Leo Fender ya fito da Stratocaster a 1954 kuɗinta dala 249.50 ne, in ka juya shi zuwa ƙarfin kuɗin yau ya kusa dala 2,900. Les Paul ta 1959 dala 265 ce ban da akwatinta, ita ma kusan nan take faɗawa. Wato gitar Amurka ta talaka da talaka, wadda ake ƙerawa a masana'anta ba ta musamman ba, ba ta fi tsada yanzu ba in ka gwada da zamanin kakanninsu, ta Fender ma ta fi araha. Kuɗin ne ya lalace a hannu. Abin da ya kumbura da gaske shi ne can sama, wajen tsofaffin gitoci da waɗanda ake ƙerawa don su yi kama da tsofaffi, kuma nan ne rikicin yake don dalilin tsadar can daban yake da dalilin tsadar ƙasa.

Bari mu fara da wanda ke da hujja. Katako ya yi wuya. Itacen rozwud na Burazil da ake yin fuskar wuyan gita da shi, yarjejeniyar CITES mai kare itatuwa da namun dajin da ke neman ƙarewa ta hana cinikinshi tsakanin ƙasashe tun 1992. A Janairun 2017 anka sa duk danginshi cikin masu buƙatar takarda, kamfanoni sunka shiga ruɗani, Fender ta canja ma gitocin Meziko wani katako, sai a ƙarshen 2019 anka sassauta ma kayan kiɗa. Gibson kuwa jami'an Amurka sun kai mata samame a 2009 da 2011 kan katakon da ta shigo da shi daga Madagaska da Indiya, a 2012 ta biya tarar dala dubu 300. Itacen ash da ake yin gangar jikin Telecaster da shi, wani ƙwaro ya cinye miliyoyinshi a Amurka ga ambaliya a kwarin Misisipi, har Fender ta ce a 2020 za ta janye shi daga mafi yawan kayanta. Abin ma bai yi nisa da mu ba, baƙin katakon eboni da yawanshi daga Kamaru yake fitowa, kuma dangin maɗacinmu na nan da Turawa ke yin gita da shi an sa shi cikin jerin CITES a 2022. Sai ladan ma'aikaci, a Kalifoniya inda masana'antar Fender ta garin Corona take mafi ƙarancin lada ya kai dala 16 a awa ɗaya a 2024, wato aikin awa biyar ya wuce albashin wata na ƙaramin ma'aikacinmu, kuma goge wuyan gita da daidaita ƙarafanshi da fenti har yanzu hannun mutum ne ke gamawa.

Sai korona ta zo ta ƙara zuba ma wutar fetur. Kafin nan kasuwar rawa take yi, a 2017 wata jarida ta Amurka har ta rubuta cewa gita mai lantarki tana mutuwa a hankali, a watan Mayun 2018 Gibson ta shiga kotun fatara da bashi wajen dala miliyon 500 a wuyanta. Da anka kulle mutane a gida a 2020 ga gwamnati tana tura musu kuɗi, sai kowa ya tuna da ma yana son koyon kiɗa, Fender ta ce Amurkawa miliyon 16 ne sunka ɗauki gita a wannan tsakanin. Masu saye sun yi yawa, masana'antu a rufe ko rabi-rabi, kwantenar da ake ɗaukowa ƙasa da dala 2,000 ta wuce 10,000 a 2021, tsadar kaya a Amurka ta kai kashi 9.1 cikin ɗari a Yunin 2022. Kamfanoni sunka ƙara kuɗi sau da yawa, kuma kun san halin ɗan kasuwa ko'ina yake, in ya ga an saya a sabon farashi ba ya komawa baya ko da kwantena ta sauko. Harajin shigo da kaya da Trump ya ɗora a 2025 ya zo ya ƙara nashi, don ko gitar da anka rubuta ma Amurka akwai ƙananan ƙarafa da wayoyi a cikinta da daga Asiya suke zuwa. Kuma kada a ɗauka farashin nan kasuwa ce kawai ke yanka shi, a Janairun 2020 hukumar gasar ciniki ta Ingila ta ci reshen Fender na Turai tarar fam miliyon 4.5 saboda hana ƴan kasuwa karya farashi a intanet.

Duk wannan zai iya bayyana maka ƙarin kashi ashirin ko talatin. Ba zai bayyana miliyon talatin ba, balle abin da ya wuce nan.

Labarin wata tsohuwar Les Paul da ake ce ma burst shi ne tushen komai. Gibson ta ƙera ta tsakanin 1958 da 1960 a Kalamazoo, guda wajen 1,700, kuma ba ta yi kasuwa ba, nauyi ne da ita, samari sun fi son Fender, sai anka daina yin ta. Ƴan shekaru bayan nan wasu matasan Ingila irin su Keith Richards da Eric Clapton da Peter Green da Jimmy Page sunka riƙa tsintar ta hannu na biyu, sunka haɗa ta da ampli mai ƙarfi, ƙarar da ta fito ita ce ta zama muryar kiɗan rok. Yaran da sunka ji wannan ƙarar suna ƴan shekara goma sha biyar, yau su ne likitoci da lauyoyi da masu kamfani da sunka yi ritaya da kuɗi a banki, kuma gitar ba ta ƙaruwa, guda nawa ɗin nan ne, wasu sun ƙone wasu sun karye. Shi ya sa ɗaya mai lafiya take kai dala dubu ɗaruruwa. Ana ta bayani a kan mikro ɗinta (maganaɗisun da ke ɗaukar kaɗawar tsirkiya) da Seth Lover ya ƙirƙiro, wai naɗin wayar ba daidai yake ba daga ɗaya zuwa ɗaya shi ya ba kowace muryarta, wannan gaskiya ne amma yau akwai masu naɗa irinshi a ɗan kuɗi kaɗan.

Ni abin da ya fi gamsar da ni cewa suna ake saye shi ne gwanjo. A Yunin 2019 anka sayar da baƙar Stratocaster ta David Gilmour na Pink Floyd a gidan gwanjo na Christie's dala miliyon 3.975, sama da miliyar biyu na sefa. Gitar nan ta 1969 ce, wato zamanin da kamfanin CBS ke riƙe da Fender bayan ya saye ta dala miliyon 13 a 1965, zamanin da masu tara gita ke raina kayanshi suna cewa inganci ya faɗi. Kuma mai ita ya canja mata wuya ya canja mikro ya huda ta ya toshe, a ƙa'idarsu ta masu tarawa gitar da anka taɓa haka rabin kuɗinta ya tafi. Amma ga abin da ta kai. Fender Mustang ta Kurt Cobain kuwa, wadda asali don ƴan koyo anka ƙera irinta, ta kai wajen dala miliyon 4.5 a 2022. Jimi Hendrix ma da gitar zamanin CBS ya yi wasan Woodstock a 1969, irin wadda kowa zai shiga kanti ya ɗauka. Babu mai kunnen da zai ce maka ƙarar waɗannan ta ninka ta ƴan uwansu sau dubu.

Kamfanonin kuma ba wawaye ba ne, sun ga inda kuɗin yake. Fender ta buɗe Custom Shop a 1987, Gibson ta fito da sashen Murphy Lab a 2021, aikinsu shi ne su ƙera sabuwar gita fil sannan su tsufar da ita da gangan. A fasa fentin ya yi tsaga-tsaga kamar ya sha sanyi da zafi na shekara sittin, a goge bayan wuya inda tafin hannu ke bi har katako ya fito, a kankare baya inda kan bel ke gurza, a sa ƙarafan su dushe su yi ɗan tsatsa, kuma iya lalacewar iya kuɗin, mai rauni da yawa ta fi mai rauni kaɗan tsada. Wallahi in ka kai ma kafinta a kasuwar Katako wannan labarin zai ce ka kawo shi ma ya iya. Amma ba abin dariya ba ne gaba ɗaya, wanda ba zai iya sayen ta 1959 ba ana sayar mishi da kamanninta a dala dubu takwas ko goma, yana buɗe akwatin ya ji ya koma yaro. Mu ma mun san wannan a shadda, mai Getzner da mai ta Sin duk sun rufe jiki sun je sallar idi, akwai bambanci a hannu da sheƙi ba a musu, sai dai bambancin kuɗin ya fi bambancin yadin nisa, kuma mai sayen ya san haka ya saya.

To ina ingancin yake tsayawa? Gita mai lantarki ba kamar gurmi ko molo ba ce da ƙwarya da fata ke fitar da murya. Tsirkiyar ƙarfe ce ke kaɗawa bisa maganaɗisu da anka naɗe da siririyar wayar tagulla sau dubbai, ya mayar da kaɗawar lantarki, ampli da lasifika su mayar da ita ƙara. Katako yana da nashi, nauyi da yadda take zama a jiki da yadda tsirkiya ke daɗewa tana amo, amma masu kiɗa sun shekara da shekaru suna gardama a kan ko kunne na jin bambancin katako in an rufe ido, kuma abin da ake gardamarshi haka ba babba ba ne. An taɓa gwada irin wannan da gogen Turawa a Indiyanapolis a 2010, anka rufe ma ƙwararru ido anka ba su tsofaffin Stradivarius na miliyoyi da sababbi, ba su iya rarrabewa da kyau ba, da yawa ma sababbin sunka zaɓa. Abin da hannu ke ji nan take shi ne ƙarafan wuya, ko an goge bakinsu ko suna yankar yatsa, da makullan ɗaure tsirkiya ko suna riƙewa ko suna sakewa tsakiyar waƙa, da wayoyin ciki ko suna kuka. A nan kam daga gitar dala 150 zuwa ta 800 tazara ce babba, daga 800 zuwa 2,000 akwai ƙari amma ya ragu, daga nan zuwa sama kyan katako ne da fentin nitro irin na tsofaffin gitoci da hannun wane da takardar shaida. PRS ta Paul Reed Smith ma a fili take yi, in zanen katakon saman ya fi kyau sai ta ƙara kuɗi, ba ta ce ƙarar ta canja ba.

Wani abin da masu kukan tsada ke mantawa shi ne ƙasan kasuwar bai taɓa yin kyau kamar yanzu ba. Injin yanka da kwamfuta ke tuƙawa iri ɗaya ne a Nashbil ta Amurka da Indonesiya da Sin. Squier ta Fender da ta fara a 1982, Epiphone da Gibson ta saya tun 1957 take ƙerawa a Sin, PRS SE ta Indonesiya, Yamaha Pacifica, duk waɗannan in anka samu mai gyara ya daidaita su za su yi biki su yi situdiyo. Shi ya sa ma manyan kamfanonin ke matsa talla a kan tarihi, don ta wajen aiki ƙannen nasu sun kusa kama su.

Yanzu mu dawo gida, don a nan ne nake ganin hujjar masu cewa gita mai tsada jari ce take rushewa. Darajar Les Paul ta miliyon biyu ba a cikin katakon kaɗai take ba, tana cikin kasuwar da ta yarda da ita, a Amurka ko Faransa ka sa ta a Reverb, kasuwar kayan kiɗa ta intanet, da lambarta da takardarta cikin sati wani ya biya ka kaso mai tsoka na kuɗinka. Kawo ta Yamai ka gani. Tun daga hanya ta fara cin kuɗi, tun da anka rufe iyakar Benin a 2023 kayan da ke biyo Kwatano sun koma Lome su ratso Burkina da rakiyar soja, ga duwan, ko kuma ka jira wani ɗan uwa mai zuwa daga Turai ya ɗauko ta a jirgi kana addu'a kada a jefa ta, don wuyan Gibson sananne ne wajen karyewa a bayan kai in ta faɗi. Ranar da buƙata ta taso ka ce za ka sayar, mutum nawa ne a garin nan za su ƙirga maka miliyon ɗaya da rabi a gita? Wanda zai taya ma cewa zai yi ai ga irinta can jika ɗari da hamsin, kuma ba za ka iya ƙaryata shi da sauƙi ba don jabu ta cika duniya, a Nuwamban 2024 kwastan ɗin Amurka ta kama jabun Gibson sama da 3,000 a tashar Los Anjeles, su da ke da masana ke nan, ina ga mu da tambarin da ke kai kawai muke dubawa.

Ga kuma yanayi. Je ka bikin aure a wata unguwa cikin watan Afrilu ka duba yadda kayan ke shan wahala, ampli bisa benci, janareta yana tari a bayan rumfa, ƴan rawa na tada ƙura tana shiga maɓallin ƙara har in ka murɗa sai ka ji ƙarar-ƙarar, zufa tana cin tsirkiya, mai gita ya jingina ta da kujerar roba ya tafi shan shayi yara na zagaye da ita. Hunturu ya zo katako ya bushe ya tsuke bakin ƙarafan wuya su fito kamar haƙora, damina ta zo wuyan ya lanƙwashe. Fentin nitro ɗin da ake biya ma kuɗi da yawa shi ne ya fi rashin juriya, na roba mai kauri da ke kan masu araha ya fi dacewa da mu. Irin raunin da Bature ke biyan dala dubbai a yi mishi, Agadas za ta yi maka shi kyauta cikin shekara biyu, sai dai naka ba wanda zai ƙara maka ko sisi a kanshi.

Kuma ba wai ƙasar nan baƙuwa ce a gita ba. Mdou Moctar ɗan jihar Tawa, gitarshi ta farko da kanshi ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke, yau da farar Stratocaster ta bahago yake zagaya duniya. Bombino na Agadas ya kai ga shiga takarar Grammy a 2019. Ga Tal National a nan Yamai da sunka daɗe suna kwana suna kiɗa, ga ƴan matan Illighadad, ga Etran de L'Aïr da sunka taso daga bukukuwan aure. Kiɗan da ya sa Turawa ke cika zaure don su, akasarinshi an gina shi ne da kayan da anka samu, gitar aro da ƙaramin ampli mai batir, kuma da wayar salula da katin memori ya yaɗu kafin wani kamfanin waje ya san da shi. Ban ce kaya mai kyau ba shi da amfani ba, duk wanda ya samu hali cikinsu ya sayi mai kyau, kuma wanda ke hawa jirgi yana wasa kullum yana buƙatar wadda ba za ta ba shi kunya ba. Amma ɗan orkes da ya tara jika ɗari biyar, ni a ganina gara ya raba ta, matsakaiciyar gita, ampli mai lafiya, regilatar don kuran ɗinmu da ke hawa da sauka, waya mai kyau, da tsirkiya kwali guda don ita ce kullum ke yankewa a gari. A tsakanin gitar miliyon biyu a mugun ampli da Squier a ampli mai kyau, ƴan biki ta biyun za su yi ma liƙi.

Can ma kasuwar ta fara sanyi. Fender da kanta ta taɓa cewa kashi 90 cikin ɗari na masu fara koyo suna bari cikin shekarar farko, to gitocin korona ɗin nan sun fito daga ƙarƙashin gado sun cika kasuwar okaziyo, kamfanin ya rage ma'aikata a 2022, Sam Ash da ta shekara ɗari tana sayar da kayan kiɗa ta rufe duk kantunanta a 2024. Na sama dai har yanzu suna riƙe da kuɗinsu, amma masu riƙe da su ɗin da yawa sun haura saba'in, kuma magadansu ba da Clapton sunka girma ba. Waɗanda sunka shiga hannun manyan mawaƙa za su ci gaba da zuwa gwanjo kamar zanen gidan tarihi, a kansu ba ni da shakka. Dubban kwafin da anka tsufar da gangan ne nake ma tababa, don su kamfani na iya ƙara ƙera wasu gobe da safe, kuma yana ƙerawa.